Uwar da Ba Ta Kallon Ɗanta

Daminar da na gama jami'a, kafin a kira mu bautar ƙasa, a wajen gwaggona na zauna a Sabon Gari. Ba ni da aikin yi sai karance-karance da kallon ruwa yana zuba daga indararo. Da zumuntar matan cocinmu ta ce tana neman mai rubuta kati ranar awon yara, gwaggo ta ba da sunana ba tare da ta tambaye ni ba.

Kowace Laraba ake yin awon, a wata rumfar kwano cikin harabar coci. Mata na zuwa daga Fagge da Rijiyar Lemo da lungunan bayan kasuwa, yawancinsu Musulmi, goye da yaran da suka rame. A auna yaro, a ba uwa garin kunu na gero da waken suya da gyaɗa, wanda matan zumunta ke soyawa su kai niƙa ranar Talata. Addu'armu a cikin coci muke yin ta kafin a buɗe ƙofa. Fasto ya hana wa'azi a rumfa, ya ce garin kawai za mu bayar, da sakin fuska.

Mai awon wata tsohuwar nas ce da kowa ke kira Sista, ni kuwa Mama nake ce mata. Iyayenta daga kudu maso gabas suka zo, amma a Sabon Gari aka haife ta, kuma idan ta tashi faɗa Hausarta ta fi tawa kaifi. Tana da wani siririn tef mai launi uku da take naɗawa a damtsen yaro. Kore lafiya lau, rawaya a kula. Idan ya tsaya a ja, sai ta daina wasa da kowa.

Wata Laraba wata tsohuwa ta shigo goye da yaro ɗan wata takwas. A bayanta akwai matashiyar mace, ba za ta girme ni ba, sanye da hijabi ruwan toka, riƙe da leda. Na tambayi wace ce uwar, tsohuwar ta nuna ta da haɓa, ta ce matar ɗanta ce, bara suka taso daga ƙauye. Na juya na tambayi uwar sunan yaron. Ta dubi ƙasa. Tsohuwar ce ta amsa, ita ce kuma ta amsa duk sauran tambayoyin. Yaron ba shi da nauyi ko kaɗan, gashinsa ya yi ja ya yi laushi kamar gashin masara. Tef ya tsaya a ja.

Sati uku suna zuwa, sati uku ina kallon uwar nan. Yaron zai yi kuka, ya miƙa mata hannu, ita kuwa ta ɗaga kai tana kallon kwanon rumfa. Sista za ta yi bayanin yadda ake dama kunun, ita tana wasa da bakin hijabinta. Ko sau ɗaya ban ga ta taɓa shi ba. Na shiga saƙa mata labari a raina, irin na littattafan da nake karantawa: wataƙila ba ta so haihuwar ba, wataƙila ta riga ta fid da rai. A sati na uku, da tef ya sake tsayawa a ja, na rubuta a gefen katinsa da ƙananan baƙaƙe, "Uwa ba ta kula da shi." Na tura wa Sista katin, na ɗora yatsa a kan rubutun.

Sista ta karanta, ta cire tabarau. Ta karɓi yaron daga hannun tsohuwar, ta taka har gaban uwar, ta ɗora mata shi a cinya.

"Ba shi nono yanzu, in gani da idona," in ji ta.

Uwar ta sandare. Hannayenta biyu suna gefe a kan benci, yaron yana zamewa, yana damƙar hijabinta.

"Ke nake wa magana! Ɗanki ne ko na maƙwabta? Kina zaune kamar an dasa ki, yaro yana ƙarewa!"

Wata mata da ke kusa da teburina ta ce a hankali, "Haba Sista, ɗan fari ne fa. Ga kuma surukarta a zaune."

"Ɗan fari ba ya jin yunwa ne?" in ji Sista.

Ni dai tun daga kalmar nan na gane kuskurena. Na san kunyar ɗan fari. Kakata a Zariya har ta rasu ba ta taɓa kiran sunan babban wan babana ba, "wancan" take ce masa, kuma ba ta zama inda yake cin abinci. Mukan yi mata dariya. Na ɗauka abin tsofaffi ne da ya tafi tare da su. Bai taɓa zuwa mini ba cewa zan gan shi a jikin sa'ata, a tsakiyar Sabon Gari.

Tsohuwar ta miƙe, ta ɗauki yaron ta goya, ta gyara majanyi ba gaggawa. Ta ce, "Mun gode. Allah ya saka da alheri." Suka fita. Ƙullin garinsu yana nan a kan benci.

Laraba ta zagayo, ba su zo ba. Wata ta sake zagayowa, shiru. Katin yaron yana cikin akwatin katuna, duk sanda na buɗe sai yatsana ya same shi. Na san garin da suka karɓa a baya ya daɗe da ƙarewa. Wata safiya gwaggo ta aike ni kasuwa, a bakin titi wata adaidaita sahu ta wuce ni, wani mutum a ciki rungume da ƙaramin abu naɗe a tabarma, wasu maza biyu a gefensa. Na tsaya da kwando a hannu har wani mai baro ya daka mini tsawa in ba shi hanya. Ban san ko ɗan waye ba. Na koma gida ban sayo rabin abin da aka aike ni ba.

Bayan an tashi awo na biyun da ba su zo ba, na ce wa Sista zan je in neme su.

"Ba ma bin mutane gida," in ji ta, tana goge sikeli. "Gobe a ce 'yan coci suna shiga lungu suna farautar 'ya'yan mutane, mazan su hana matan zuwa. Kin san doka."

"Mama, ni na rubuta abin nan."

"Ni kuma na yi ihun." Ta ci gaba da gogewa, alhali sikelin ya riga ya fita tas. Can ta jawo ƙulli biyu na gari ta sa a jakata. "Ni ban aike ki ba. Kuma ki yafa babban mayafi, 'yar Zariya, ba wannan tsumman da kike ɗorawa a ka ba."

Washegari da safe na hau adaidaita zuwa Rijiyar Lemo. An yi ruwa da asuba, kwatoci sun cika sun malalo kan hanya. Abin da ke kan katin kawai shi ne "layin mai injin markaɗe". Na bi ƙarar injin har na same shi, mata sun jera bokitan wake da kayan miya. Na gaishe da mai injin, wata ƙatuwar mace da ta ɗaure zani a ƙirji a kan riga, na kwatanta mata tsohuwar da yaron.

"Daga ina?" ta tambaya da ƙarfi, don injin bai tsaya ba.

"Daga wajen awon yara."

"Na coci?"

Duk matan sun juyo. Na ce e.

"To ki ce na coci mana, kina wani noƙe-noƙe! Autana ma ai ya sha kununku. Ga gidan can, mai labulen buhu."

Tun daga nesa nake duban ƙofar, ko zan ga an shimfiɗa tabarmi maza sun zauna. Babu kowa sai wata akuya tana lasar bango. Na yi sallama na shiga. Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa. Tsohuwar tana zaune a bakin ɗaki na ƙarshe tana tsinke zogale a faranti. Na durƙusa.

"Inna, ina kwana?"

"Lafiya lau."

Na tambayi gida, na tambayi ruwa, na tambayi gajiya, ta amsa duka ba ta ɗago ba. Sannan na ce, "Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi."

Amsar ba ta kwantar mini da hankali ba. Na sha jin an ce da sauƙi da safe, a yi jana'iza da la'asar. Na kasa kunne wajen ɗakin, ban ji komai ba.

Na ce, "Inna, haƙuri na zo bayarwa. Abin da ya faru laifina ne. Ni na gaya wa Sista cewa ba ta kula da shi."

Sai a lokacin ta dube ni. "Ke 'yar ina ce?"

"Zariya."

"Bahaushiya?"

"E, Inna."

"Ita waccan mai faɗan ban riƙe ta ba, ba a gidanmu ta tashi ba. Amma ke?" Ta watsar da tsinken zogale gefe. "A garinmu, in ta rungumi yaron nan a gabana, har uwarta sai an zaga, a ce ba ta yi mata tarbiyya ba. Kin san wanda ya ce a kai shi wajenku? Ita ce. A bakin maƙwabciya ta ji labarin, ta yi ta roƙon ɗana har ya yarda. Tun da yaron ya fara zawo ban ga ta ci abinci ta ƙoshi ba. Sannan a tsayar da ita a gaban mata a ce ɗan maƙwabta ne."

Daga cikin ɗaki wani siririn kuka ya taso, kamar na ɗan kyanwa. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin na ranar ba.

Tsohuwar ta ajiye farantin, ta miƙe tana dafa gwiwa. "Bari in leƙa wajen markaɗe," in ji ta. Ba ta ɗauki bokiti ba, ba ta ɗauki komai ba. "Ke zauna."

Tana fita, labulen ɗakin ya motsa. "Malama, shigo."

Ranar na fara jin muryarta. Tana zaune a kan katifa, yaron yana manne a ƙirjinta, ta sa haɓarta a tsakiyar kansa tana jijjiga shi. Ya ƙara ramewa, fatar cinyarsa ta yi laɓa-laɓa. Ta ce nonon ya ragu, kunun kuma in ya sha yakan amayar. Ta tambaye ni ko kaurinsa ne ya yi yawa, ta jero mini duk bayanin da Sista ta yi, cokali nawa, ruwa yaya, sau nawa a yini, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ashe duk lokacin da take kallon kwanon rumfa, haddacewa take yi.

"Malama, jan nan," in ji ta, "yara suna fita daga cikinsa?"

"Suna fita. Na ga waɗanda suka fita. Amma sai an kawo shi Sista ta gani."

"Ba ni ke da ta cewa ba."

Na ajiye garin a bakin katifa. A ƙofar gida na haɗu da tsohuwar tana dawowa, na roƙe ta su zo ranar Laraba. Ta ce, "Allah ya kai mu." Na yi ta juya maganar a adaidaita har gida, ban gane ko e ce ko a'a ba.

Na ba Sista labari duka. Ranar Laraba na tarar ta ɗaura igiya a kusurwar rumfa ta rataya zaninta na zumunta, ta sa kujera a baya. Muka fara awo. Duk wadda ta shigo da hijabi ruwan toka sai alƙalami ya tsaya a hannuna. Sau biyu na rubuta wa yaro katin wani. Layi ya ƙare, matan zumunta suka fara tattara bencina, hadari ya haɗo ta gabas. Sista ta ce a bar benci ɗaya, wai bayanta ke ciwo.

Rana ta kusa take tsaka suka iso. Tsohuwar ta tsaya a bakin ƙofar harabar, ta ce wa mai gadi ya ba ta kujera.

"Ƙafata ta ƙi," ta faɗa da ƙarfi yadda za mu ji. "Nan zan zauna."

Ta kwance goyon, ta miƙa wa matar ɗanta yaron, ta juya fuskarta wajen titi. Uwar ta rungume shi ta ratso harabar ita kaɗai, kanta a ƙasa, ta shige bayan zanin. Sista ta bi ta.

"Kowa ya kama gabansa," ta ce da matan zumunta. "'Yar Zariya, juya kujerarki."

Na juya ina kallon bango, ina jin su suna magana ƙasa-ƙasa. Da Sista ta fito, fuskarta ba wasa. Har yanzu ja ne, in ji ta, kuma ƙafafunsa sun fara kumburi, kunu ba zai isa ba, sai asibiti yau ɗin nan. Uwar ta leƙo ta gefen zanin, ta dubi bakin ƙofa.

Sista ta cire tabarau ta ba ni. Ta taka har wajen tsohuwar, ta dafa kujerar mai gadi, ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ban ji abin da ta ce ba. Na dai ga ta daɗe, na ga tsohuwar tana kallon titi, yayyafi ya fara sauka a kansu su biyu.

"To ku je mana," in ji tsohuwar a ƙarshe. "Ni ai na ce ƙafata ta ƙi. Tashi, kada ki ɓata farin kayanki. Zan gaya wa uban yaron."

Mai gadi ya tsayar da adaidaita. Sista ta shiga, uwar ta bi ta da yaron a cikin hijabi. Kwana tara suka yi a asibiti, aka sallamo shi yana iya zama da kansa.