Zawon Haƙori

A gidanmu na Kiyawa, lokacin Jigawa tana sabuwar jiha ni kuma ina 'yar yarinya, babu jaririn da ke yin zawo don rashin lafiya. In ka tambayi Inna, mahaifiyata, haƙori ne. Sai ta wanke yatsa ta laluba bakin yaro, ta gyaɗa kai, sannan ta haɗa ruwan gishiri da sukari. Ƙanena ya sha yin wannan haƙorin, har na taɓa ce mata da duk sun fito, da ya fi kada haƙora. Ranar na sha ranƙwashi.

Yanzu ni ce mai goyo a Dutse. An ɗiga wa 'yata rigakafin zawo a baki, amma duk da haka ya zo mata, mai sauƙi. Ma'aikaciyar asibiti ta ce ƙwayar cutar iri-iri ce, in rigakafi ya danne wani iri sai wani ya ɗago kai, sai dai ba ya kayar da yaro kamar da.

Na kawo wa Inna bayanin nan ina jin kaina likita. Ta ce, "Wato ita ma cutar sauya zane take yi kamar amarya? Miƙo min yarinyar nan." Ta laluba dasashinta, ta ce haƙori ne.

Na ce, "Haba Inna, har yau?"

Ta daɗe tana jijjiga jikarta, sannan ta ce, "Yayarki da ba ki tarar ba, ita ma haka na ce. Har aka binne ta ban ga haƙorin ba. Ranar ɗigo na gaba ki faɗa min, tare za mu."