Safiyar da Na Tara wa Baƙona Gari

Shekaru sun ja, abubuwa da yawa sun zube daga kaina, amma akwai wata safiya da na san da ita za a kai ni kabari. Ba zan taɓa mantawa da ita ba.

A lokacin ni ne ladanin masallacin ƙauyenmu, can gefen Gazara. Karatuna bai wuce na allo da ɗan yaƙi da jahilci ba. Babban ɗana, mai kai rake kudu, shi ya kawo mini babbar waya irin ta shafawa, ya ce in riƙa sauraron wa'azi. Da wa'azin kuwa na fara. Daga baya aka saka ni a wani guruf, wato zauren hira na waya, da ba abin da ake turowa sai labarin ɓarayin daji: ƙauye na cin wuta, mata na gudu, wani na kuka a saƙon murya yana cewa ga su nan tafe. Ban san garuruwan ba, ban san ko abin na bana ne ko na shekarun baya ba. Ni dai kallo nake.

Da na idar da isha'i sai in kwanta da ita a hannu. In ce wannan saƙon ne na ƙarshe, sai wani saƙon ya shigo. Barci ya ƙaurace mini. Ko na rufe ido, hotunan nan nake gani. Akuya ta taɓa ƙyaure, gabana ya faɗi. Na zama mafaɗaci, ga mantuwa, sai in yi ta neman carbi yana rataye a wuyana. Mai ɗakina ta yi magana har ta gaji.

"Malam, idonka ya yi ja kamar gauta. Wayar nan ba guduwa za ta yi ba, ka kwanta."

"Ke kina ta munshari, wa zai tsare gidan?" Abin da nake ce mata ke nan.

Ina da wani aboki Bafulatani tun muna samari. Kowace kaka in na kwashe dawa, sai ya kawo shanunsa gonata ta bayan gari, su ci kara su bar mini taki. Shi yana tsokanata da Kaɗo, ni ina ce masa Ardo, ko da yake ba wanda ya naɗa shi. A shekarar mun haɗu a kasuwar Makarfi, na ce masa ya zo ranar Asabar. Na dawo na faɗa wa mai ɗakina, daga nan maganar ta fita daga kaina fit.

Daren Asabar ɗin ban runtsa ba, saboda an turo wata murya mai cewa ɓarayin sun nufo yankinmu. Bayan asuba mutane suka watse, na tsaya sharar masallaci kaina na juyawa. Gari ya fara haske sai na ji ƙarar babura ta bayan gari. Na leƙa ta katanga, na hango mutane a gonata suna sauke wasu dogayen abubuwa. Sandunan kafa bukka ne. Idona bindigogi ya gani.

Ban tambayi kowa ba. Na kunna lasifika na ce, "Jama'a a fito, sun shigo ta bayan gari!"

Nan take ƙauye ya hargitse. Mata suka suri yara suka faɗa cikin rake. Samari suka fito da gora da adduna, 'yan sintiri da bindigogin farauta, duk suka yi gonata. Ina tsaye sai ga mai ɗakina a ƙofar masallaci, ko takalmi babu.

"Malam, yau wace rana?"

"Asabar."

"To wa ka ce ya zo gonarka ran Asabar?"

Nan na tuna da Ardo. Na koma kan lasifika ina cewa a dakata, amma wa ke saurare? Na tattare riga na ruga, tushen kara na yankar ƙafata ban ji ba.

Na tarar an yi musu zobe. Ɗan Ardo, saurayin da aka yi sunansa a gabana, yana kwance jini na zuba daga kansa. Uban ya jefar da sandarsa, ya tsaya a kansa ya buɗe hannuwa. Wani ɗan sintiri ya riga ya ɗaga bindiga. Na ratsa mutane na faɗa kan yaron.

"Baƙina ne. Ni na ce su zo. Wanda zai harba ya fara da ni."

Ɗan sintirin ya sauke bindigarsa. Ardo ya dube ni, ya dubi taron, ya ce a hankali, "Kaɗo, kai ka kira mu. Waɗannan kuma wa ya kira su?"



An kai yaron asibiti aka ɗinke shi. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma har yau kunnensa ɗaya ba ya ji sosai. Na miƙa wa liman makullin lasifika da hannuna. Waya kuwa, daga magariba tana cikin akwatin mai ɗakina sai gari ya waye. Na daɗe kafin barcina ya dawo, da ya dawo kuma sai na ga ƙauyenmu yana nan lafiya kamar yadda yake tun da.

Ardo ya ce ya yafe, na kuma yarda ya yafe ɗin. Amma shanunsa ba su sake kwana a gonata ba. In mun haɗu a kasuwa yana gaishe ni da ladabi, ya ce "Malam, ina gajiya?" Tun daga ranar bai ƙara ce mini Kaɗo ba.

Abin da na koya shi ne, wanda ya hana idonsa barci ya cika zuciyarsa da tsoron da aka turo masa daga nesa, wata rana zai dubi amininsa ya ga maƙiyi. Shi ya sa in na ga jikokina da waya bayan isha'i, ba na faɗa. Zaunar da su nake in ba su labarin nan.