Masussukar da ba ta kowa ba

Tas! Daga wannan ƴar ƙarar komai ya fara. Ina talge da la'asar, ɗaya daga cikin duwatsun murhuna ya tsage, tukunya ta karkata, saura ƙiris ta kife mini a ƙafa. Na yi salati, na ja itace baya. Da na duba sai na ga ashe ba dutse ba ne, curin siminti ne mai kusurwa huɗu, da lamba a jikinsa da jan fenti.

Na kira autata, lokacin tana da shekara tara. Ita na sa ta nemo mini dutse da safe.

"Ke, ina kika samo wannan?"

"A masussuka, Inna. Suna nan da yawa a jere, ba mai so."

Na yi kolej a Magariya kafin aure, na san abin da ake kafa irin wannan simintin dominsa. Born ne, alamar da masu awo ke binnewa in za a yanka fili.

Masussukarmu tana yamma da gari, fako ne mai tauri a ƙarƙashin gawo bakwai. Can uwayenmu suka yi sussuka, can muke yi. Da rani shanun rugar da ke kusa da mu suna bi ta gefenta zuwa rijiya, su tsinci ƴaƴan gawo.

Da maigidana ya dawo daga masallaci na ajiye masa tuwo, na ajiye ɓallin simintin kusa da akushi.

Ya ce, "Au, wannan? Ai maganar ta kwana biyu. Mutanen meri, ofishin magajin gari, suka zo da mai awo, suka ce a nuna musu filin da ba na kowa ba, a yanka farsel, wato filaye, a sayar wa masu son gini, da abin da aka samu a yi mana gidan haihuwa. Muka duba, ba wanda ya gaji wurin, ba mai noma shi. Muka nuna."

"Ba na kowa ba, Malam? Tuwon nan da ke gabanka ta ina ya biyo?"

Ya tsaya da loma a hannu.

Ba zan yi ƙarya ba, na fi kowa son gidan haihuwar nan. Ɗana na uku a kan amalanken shanu na haife shi, a hanya, bai zo da rai ba. A daren da muka yi maganar nan da Malam na daɗe a kan sallaya ina roƙon Allah kada ya sa in zama sanadin hana mata abin da na rasa. Amma na kasa yarda cewa sai an cinye ɗaya za a samu ɗaya.

Ranar kasuwa na hau kabu-kabu na je meri. Zanen farsel ɗin yana manne a bango. Na bi shi da yatsa, ina tono faransancin da ya kwanta mini shekara da shekaru. Inda muke sussuka an rubuta fili marar amfani. Gawo bakwai ɗin ko ɗigo ba su samu ba. Ma'aikacin ya saurare ni da mutunci.

Ya ce, "Madam, ba mu muka zaɓa ba, mazanku suka nuna. In gari ya kawo wani fili kafin a fara rabo, sai a sake zane."

Na kai maganar wurin ungozomar garinmu, wadda kowa ke kira Gwaggo. Ta yi dariya har da tari.

"Maza! Su dai su ga hatsi a rumbu, su ga tuwo a akushi. Abin da ke tsakani aljanu ke yi. Kada ki wahalar da bakinki, ƴar nan. Fata ta fi kunne saurin ji."

Mata ba sa magana a taron ƙofar mai gari, haka muka taso. Amma ba wanda ya taɓa cewa kada a yi aiki a wurin. Da hantsi, lokacin da dattawa suka shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya, muka iso, mu kusan talatin, da turame da tabare da dammunan gero. Matan ruga huɗu suka biyo mu. Gwaggo ta tsaya, ta ɗebi ƙasa ta saki, ta ga inda iska ta nufa, ta ce a ajiye turame ta gabas da su.

Muka gaishe su da ladabi, muka fara.

Wanda bai taɓa sheƙa ba bai san ƙaiƙayi ba. Ba a ganinsa sosai. Yana shiga wuyan riga, ya bi baya, ya sauka har cikin wando. Ba a jima ba na ga ladan yana goga bayansa a jikin bishiya. Wani ya cire hula yana kakkaɓewa. Maigidana ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya, ni ma na kau da ido, don tausayinsa ya kama ni.

Mai gari ya yi haƙuri iya haƙuri, sannan ya ce, "Gwaggo, lafiya? Wannan wane irin aiki ne?"

"Sussuka, ranka ya daɗe. Ka manta da ita? An ce masussukarmu ba ta kowa ba ce, an bayar. Muka ce bari mu zo wurin da ke da mai shi."

"Haba Gwaggo, ki dubi girmana mana."

"Ni na yanke maka cibi, na ga girmanka tun ranar. Ka zaci don ƙawa kakanninka suka kai masussuka yamma da gari? Iskar kaka daga gabas take zuwa, ta kwashe wannan masifar ta yi daji da ita. In kun gina gidaje a can, a tsakar gidajenku za mu yi, da jarirai a kwance."

Aka yi dariya, har shi. Da dariyar ta lafa ya yi tambayar da nake tsoro.

"Na ji. To, farsel ɗin a ina za a yanka? Ko a bar gidan haihuwar?"

Filin da ya dace kowa ya san shi, na bakin hanyar Dungas ne, kuma duk gonakin mutane ne. Gwaggo ta ce ta ba da rabin tata, ai kabari bai cin kadada. A nan gamanata take, ƴar gonar da mahaifina ya bar mini, inda nake gyaɗa da yakuwa. Na ji bakina ya ce na ba da gefen hanya, zuciyata kuwa ba ta so ba. Maza uku suka biyo baya, ina jin kunya ce ta tura su, Allah dai ya ba su lada. Da na koma gida na shiga ɗaki na yi kukana.

Sake zanen ya ɗauki watanni. Sau huɗu ina komawa meri. Har yau gidan haihuwar bai wuce linta ba, kuma wasu ƴan kasuwa ba su daina zagaya masussukar da ido ba, don ta fi kusa da gari. Saboda haka da bazara muka yanke shawarar kewaye ta da aguwa, yadda ake shingen burtali, kowane gida da layinsa, don kada a sake cewa ba ta da mai ita. Muka bar wa shanu hanyarsu.

Kwana biyu muna dasawa. A rana ta uku muka tarar an tuge kusan rabi an zubar. Ba mu san wanda ya yi ba, ban kuma zargi kowa ba. Na zauna a gindin gawo ina kallon rassan a warwatse cikin rana.

Autata ba ta zauna ba. Ta tattaro su a zaninta, hannunta duk farin ƙaro, ta zube su a gabana, ta miƙo mini fartanya.

"Inna, tashi. Ke ki haƙa, ni in sa. Wannan karon ki zurfafa ramin."