Dakta Habibu, Wanda Muke Kira Mai Bom

Shekara bakwai ke nan da muka fito da Dakta Habibu daga Harami bayan sallar La'asar, muka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Ranar an yi turereniya wajen ɗaukar makararsa. Na tsaya ina kallon kafaɗun da suka ƙi zama kusa da shi yana da rai suna rububin lada a ƙarƙashin gawarsa.

Ga wanda bai san shi ba, Habibu abokina ne tun sakandare a Zariya. Ni na zama mai haɗa magani, shi kuwa ya tafi Turai ya ƙare ƙuruciyarsa a kan makamashin nukiliya, kafin ya zo Madina koyarwa, ya kama gida a unguwar Ƙurban. Aikinsa ba wani asiri ba ne. Tashar lantarki ta nukiliya tana aiki ne da ƙananan dunƙulen yuraniyam waɗanda ba su kai ƙwallon dabino ba, a gasa su kamar tukunya, a jera cikin bututun ƙarfe. In zafi ya yi zafi sukan tsage, su kumbura. Habibu ya duƙufa ne a kan yadda suke tsagewa da yadda za a hana. Yakan ce, "Ni maginin tukwane ne, sai dai tawa in ta fashe ba miya ke zuba ba."

Mu kuwa, a zamanmu na bayan Juma'a a gidan Alhaji Mamman, dattijon 'yan Najeriya a unguwar Harra ta Yamma, sai muka raɗa masa Mai Bom. Likitoci ne fa, da injiniyoyi, da malaman jami'a. Shekaru ana dariya a kan shinkafa da kaza. Da duniya ta rikice da zancen ta'addanci a farkon ƙarnin nan, kowa ya tuna cewa iƙamarsa, wato izinin zamansa a ƙasar, takarda ce da ake sabuntawa, sai wasan ya zama abin tsoro. Ba wanda ya tuhume shi, ba jami'in da ya taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa. Mu ne muka yanke hukunci. Aka daina gaya masa inda za a yi walima. Aka hana yara zuwa gidansa. Wani likitan ido, wanda ya kamata a ce ya fi mu gani, yakan sauya sahu in ya hango shi a masallacin Ƙuba. A haka ciwon zuciya ya ɗauke shi.

Abin da ya tayar mini da wannan fushi ya faru ne a azumin bana. Wani injiniya Baturke ya zo Umra, ya yi ta tambaya har kantinmu na magani yana neman Habibu. Ya ce a inda suke aiki, duk sabon ɗauka sai an zaunar da shi ya karanta abin da Habibu ya rubuta a kan tsagewar nan, kuma da awonsa suke gwada nasu. Na kai shi gidan marigayin ya yi ta'aziyya. Ruƙayya, autar Habibu, wadda aka haifa a nan, tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa, tana tsaye bakin ƙofa tana saurare. Da baƙon ya tafi ta dube ni, ta yi tambaya da Larabcinta.

"Baffa, ya'ani Baba ba bom yake yi ba?"

"Wa ya gaya miki bom yake yi?"

"Kowa da kowa. Tun ina firamare."

Yarinyar nan ta girma tana ɓoye sana'ar ubanta kamar wanda ya yi sata. Yanzu ta gama sakandare, ta ce kimiyyar ubanta za ta karanta. Alhaji Mamman ya taka har gida ya ce wa mahaifiyarta, "Hajiya, a bar ta ta yi haɗa magani mana. Wancan karatun ai kin ga abin da ya jawo muku." Karatun bai jawo musu komai ba, Alhaji. Zaman gidanka ne ya jawo.

Me Habibu zai ce da ya ga yau? Ƙasashen yankin nan sun fara zancen lantarkin nukiliya a jaridu, kuma a zaman Juma'a waɗanda suka guje shi ne ke sharhi a kai, har da gyara zaman tabarau. Na san shi, ba zai yi faɗa ba. Zai ɗaga ƙwallon dabino ya sake bayani daga farko, ya kuma tambaya ko an gane.

In an ambace shi a cikinmu, yabonsa ɗaya ne: ya dace, ya samu Baƙi'a. Gaskiya ne, Allah ya jiƙansa. A can ba a rubuta suna a kan kabari, Baturken ma ya tsaya ne ya yi addu'a ga kowa da kowa. Wancan rashin suna sunna ce. Wanda muka yi masa a falonmu ban san littafin da ya zo a ciki ba.

Ruƙayya ta samu gurbin karatu a jami'a, mahaifiyarta ta yarda. Da na tambaye ta abin da za ta ce in an tambayi aikin ubanta, a karon farko ta amsa mini da Hausa: "Maginin tukwane ne."