Gwaggo da Bayan Kwali

Duk wanda ya taɓa raka Gwaggo kanti ba ya sake tayi. Ni kaɗai na rage, don ni ke da mota, kuma ita ta goye ni. Sayayyar da wata za ta gama kafin ka gyara tsayuwar mota, Gwaggo sai ƙafarka ta yi tsami tana nan tana juya kwali. Ta kai shi bakin hanci, ta ɗaga shi saitin fitila, ta mayar, ta sake ɗaukowa.

Da ba haka take ba. Tela ce, ta tsufa a kan keke, abin da hannunta ya kai shi take saya. Jikanyarta ce ta canza ta. Yarinyar jikinta ba ya karɓar madara ko kaɗan, da ta lasa sai leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe. Uwarta tana aiki, don haka daga makaranta gidan Gwaggo take wuni. Wata rana Gwaggo ta sayo mata biskit mai hoton koren ganye, an rubuta da manyan baƙaƙe wai daga tsirrai aka yi shi. A baya, can ƙasa, cikin rubutu ƙanana kamar tururuwa, ashe akwai garin madara. Sai da suka kwana asibiti.

Tun daga nan ta daina yarda da gaban kwali. Ta gano ƙashin dabba a alewa mai danƙo, kifi a miyar kwalba, ƙwai a taliya, madara har a soyayyen dankalin leda. Ko abin da ta saya jiya sai ta sake karantawa yau, wai masu kamfani ba sa aiko manzo in sun canza haɗi. Haushi kamar ya kashe ni, nakan tambaye ta ko jarrabawa za ta zauna. Sai ta ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

A 'yan watannin nan jimawar ta ƙaru. Ta canza tabarau, ta sake canzawa, a banza. Ran nan ta daɗe riƙe da wani kwalin abin sha, sannan ta miƙo min ta ce in karanta mata. Na dube ta, don Gwaggo ba ta taɓa yarda da idon kowa ba. Na karanta. Ta ce in maimaita. Na maimaita, ta tambaya ko na tsallake layi. Daga ƙarshe ta mayar da shi, muka fito da ayaba da lemon zaƙi kawai.

A mota ta kasa zama wuri ɗaya. Ta buɗe jaka, ta rufe, ta ciro waya ta kira 'yarta, uwar yarinyar.

"Daga gobe ki nemo inda za ki riƙa ajiye yarinyar nan. Idona ya daina ganin rubutun."

Ina jin muryar 'yar tana cewa ai sai ta riƙa haɗo ta da abincinta.

"In wani ya ba ta abu, ta kawo min ta ce Kaka duba min, in ce mata me?"

Ta kashe wayar, ta goge fuska da gefen mayafi. Sai ta ce in yi sauri in bi ta makarantar, an kusa tashi, yau dai ita ce mai ɗauko jikanyarta.