Robar da Na Kwance

Har yau ba na iya zare cajar waya daga bango sai na naɗe hannuna da gefen hijabi. Mama ta ce abin ya isa haka, wata huɗu ke nan. Ni ma na san ya isa, hannun ne bai sani ba.

Baba ya yi shekarun aikinsa a ɗakin gwaje-gwaje na wata kwalejin gwamnati a nan Kaduna, shi ne mai shirya wa malaman kimiyya kayan aiki. Da ya yi ritaya ya dawo gidanmu na Hayin Banki da kwali biyu na tsofaffin kayan da aka ce a zubar. A ciki akwai wata siririyar kwalba, tsawonta kamar daga gwiwar hannuna zuwa yatsu. Ya ce sunanta leza. Iska iri biyu aka ɗura mata aka toshe, hiliyam da niyon, kuma kowane bakinta akwai ɗan mitsitsin madubi. Idan ta sami wuta sai cikinta ya yi launin cikin gwaiba, wani jan haske ya fita ta baki ɗaya. Ba ya bazuwa kamar na tocila, tafiya yake ya sauka a bango, ɗigo ɗaya tak.

Sai da ya yi kusan shekara biyu kafin ta kama. Da hannunsa ya haɗa akwatin da ke ba ta wuta, da kayan cikin tsofaffin talabijin da yake samowa wajen wani mai gyaran rediyo a Kawo. Ya sassaƙa mata mazauni na katako, yana ɗaure ta a kai da robar tayar keke guda biyu don kada ta mirgina.

Bara hawan jini ya kwantar da shi. Ya tashi, amma hannun hagu ya ƙi dawowa daidai, ga mantuwa. Sai ya tambaye ni sau biyu ko ya yi Azahar. Abin da ya fi tsoro ke nan, ya fi tsoronsa a kan hannun. Abu ɗaya da ke tayar da shi daga tabarma shi ne ɗan ɗakin nan na kusa da zaure inda kwalbar take. Ni kuma na gama sakandare ina zaune, sai na zama hannunsa na hagu. Bayan La'asar mu toshe taga da tsohon bargo, ina riƙe masa wayar wuta, ina miƙa masa filaya.

A iska mai tsabta ba a ganin hanyar hasken, ɗigon kawai ake gani. Ya gwada ƙurar alli, ta sa shi tari. Wata rana Mama ta leƙo da kaskon turarenta a hannu za ta ce mana abinci ya sauka, hayaƙin ya shigo, sai ga zare ja a miƙe daga tebur har bango, hayaƙi yana naɗuwa a jikinsa.

"Tsaya nan, Hajiya! Kada ki motsa!"

"To, yau kuma ni aka mayar kayan gwaji? Turaren nan fa ba na makaranta ba ne, nawa ne."

"An ɗauke ki aiki," in ji shi. Rabon da in ji dariyarsa haka tun kafin asibiti.

Daga ranar kullum sai na ɗebo garwashi. Dokokinsa uku ne. Kada in kuskura in leƙa bakin kwalbar. Kasko can ƙarshen ɗaki, domin turaren yana da maiƙo da sukari, zai dusashe madubin. Kwalbar kuma shi kaɗai ke taɓa ta. Akwai abu na huɗu da bai taɓa kira doka ba. Duk lokacin da ya kashe wuta, sai ya ɗauki wata sukundireba mai jan hannu da ya ɗaura wa waya, ya dangwala ta a ƙarfen bakin kwalbar. Wani lokaci a ji ɗan ƙara, ɗas. Na ɗauka irin sabon tsofaffi ne, kamar yadda yake buga bayan rediyo kafin ya kunna. Ban tambaya ba.

Ranar da abin ya faru, Baba da Mama sun tafi gaisuwar rasuwa Rigachikun. Ƙawata ta makaranta ta zo daga Rafin Guza. Na daɗe ina cika mata baki da lezar, ita kuma ba ta barin magana ta wuce.

"Ke dalla, irin wannan a Kawo ake sayarwa a jikin makulli, yara suna tsokanar kyanwa da shi."

"Wancan wasan yara ne. Wannan iska ce a ciki."

"Iska? To ni ma cikina iska ce, tun safe ban karya ba."

Na ɗauko makullin ɗakin daga ƙarƙashin dardumar Baba. Na toshe taga, na kunna. Ta ga ɗigon a bango ta taɓe baki. Garwashin ya yi sanyi, hayaƙin ba ya kaiwa tsakiyar ɗaki, ni kuma so nake bakin nan nata ya mutu. Sai na ɗauko kaskon na ajiye a kan tebur, daidai ƙarƙashin bakin kwalbar, na zuba turare cokali guda cur.

Bakinta ya mutu kuwa. Zaren ya fito kamar a kama da hannu. Ta ce, "Kai! Wallahi kamar an ja layi da jan lalle." Ta ɗauki hoto, ta sa na ƙara turare, ta sake ɗauka. Mun fi minti ashirin. Da hayaƙin ya lafa na dubi bango, ɗigon da na sani tsaf kamar ƙwayar gero ya koma wani dusu-dusu, ya bazu.

Na ce bari in goge madubin kafin su dawo. Na kashe wuta, na zare filogi daga bango, har na nuna mata shi a hannuna don ta ga na san abin da nake yi. Na kwance robar farko, na kwance ta biyu. Na ɗaga kwalbar da hannun hagu, na kai na dama bakinta da gefen mayafina.

Ban san yadda zan faɗi abin da na ji ba. Kamar an ɗauki muciya an maka mini a gwiwar hannu daga ciki, har haƙorana. Ban yar da ita ba, hannuna ne ya yi jifa da ita. Na ji ta a siminti. Da na dawo hayyacina ina zaune a ƙasa, ƙawata tana girgiza ni tana salati, tana cewa, "Ai kin cire wutar! Na gani da idona kin cire!"

Muka fitar da kasko, na goge tebur, na kulle ɗakin da gilasan a ƙasa yadda suke. Na mayar da makulli. Ban shirya ƙarya ba, Allah ya sani. Na dai kasa shirya gaskiyar.

Washegari bayan La'asar ya buɗe ɗakin ina bayansa. Ya daɗe a tsaye. Bai dubi gilasan sosai ba, robobin ya ɗauka, guda biyun, a kwance, ya juya su a hannunsa mai lafiya.

"Shekaranjiya na kwance ta na duba waya," ya ce a hankali. "Na ɗaure kuwa, uwata?" Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni.

Ranar ya ɗaure kuwa. Ina wurin, ni na riƙe masa bakin robar. Na buɗe baki na ce, "Ban lura ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Shekara talatin ban taɓa barin gilashi a sake ba." Ya sa robobin a aljihu. "Share, kada wani ya taka."

Na yi zaton zai yi faɗa, ko ya shiga neman wata kwalbar. Bai yi ko ɗaya ba. Ya koma tabarma. Ya daina tambayata ko ya yi salla, sai dai in ga ya tashi ya sake yi. Na ji yana gaya wa Mama cewa mutumin da kansa ya fara zuba bai kamata ya riƙa wasa da wuta a gidan da ke da iyali ba. Kullum in ce gobe zan faɗa. Idan na zo kusa da shi sai gwiwar hannun nan ta riƙa zugi, in wuce da tiren shayi.

Sati uku na yi. Ranar da na dawo daga islamiyya na tarar ɗakin a buɗe, tebur wayam, na san na makara. Ya kira mai gyaran rediyon ya kwashe komai kyauta: akwatin wutar, mitocinsa, ƙarfen liƙa dalma, har mazaunin katakon.

Na durƙusa a gefen tabarmarsa na faɗa masa duka, da kaskon da robar da abin da na ce ranar. Ina kuka har maganar ba ta fita sosai.

Ya ce, "Kawo hannun." Ya duba yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya lanƙwasa gwiwar. "Kwalbar tana riƙe wuta a cikinta ko an zare filogi. Abin da nake yi da jar sukundireba ke nan, zubar da ita nake. Na hana ki taɓawa, ban gaya miki dalili ba. Wannan laifin nawa ne."

Sannan ya ce, "Ashe na ɗaure."

"Ka ɗaure, Baba. Ƙulli biyu."

"Ƙulli biyu," ya maimaita, yana kallon hannunsa.

Da safe na tafi Kawo. Mai gyaran ya riga ya farke akwatin ya yi amfani da kayan cikin, katakon kuma ya ce bai san inda ya shiga ba. Jar sukundirebar kawai na samu, ya cire mata wayar yana kwance bayan rediyo da ita. Na kawo wa Baba. Ya karɓa ya yi godiya kamar baƙuwa ce ta kawo masa tsaraba, ya sa a aljihun da robobin suke.

Ya daina maimaita salla. Amma ɗakin nan yanzu buhunan masarar Mama ne a ciki. Na ce masa na ji ana samun tsofaffin kwalaben idan an bincika, ya ce hannu ɗaya ba zai sake haɗa akwati ba. Na ce ga nawa biyu. Ya dubi yadda na naɗe na dama a cikin hijabi.