Ranar da Inna Ta Leƙa Rumbu

Ranar wata Laraba ce, washegarin ruwan shuka, a shekarar da aka canza kuɗi, fam ya tafi naira ta zo. Ina da shekara tara ko goma, don ba wanda ya rubuta ranar haihuwata. Ƙauyenmu yana bayan 'Yandoto, kuma a irin wannan safiya ba mai zama: maza sun taru a ƙofar gidanmu da sungumi a kafaɗa suna jiran Baba, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari. Inna ta shiga ɗaki ta jawo tulun da take ajiye irin gyaɗarta a ƙarƙashin gado, wanda ta liƙe bakinsa da laka da toka tun kaka. Ta tarar an fasa liƙin an cusa tsumma. Ta zura hannu har gwiwar hannu, ba ta taɓo komai ba. Da ta tambayi Baba, sai ya ce shi ya ɗiba ya kai kasuwa, zai mayar mata. Ta ce ina dalili, ga rumbunka a tsaye? Ni da ƙanena Iro muna kallo ta kifa turmi a gindin rumbu, ta taka, ta ɗaga jinkar ta leƙa. Sannan ta ɗaga murya yadda har na ƙofar gida suka ji: "Ashe ba komai a ciki sai ƙaiƙayi da kashin ɓera!" Baba ya tsaya kamar an dasa shi. Can ya ce, "Tahi gidanku, na sake ki."

Abin da ya tono mini wannan rana wani littafin soyayya ne da muka gama karantawa kwanan baya. Ni ban shiga aji ba sai da na aurar da 'yata ta fari, a makarantar yaƙi da jahilci a nan Gusau, kuma tun da idona ya buɗe ban bar takarda ta wuce ni ba. Jikata Nafisa ta saka ni cikin wani zauren masu karatu a waya. Littafin labarin miji da mata ne da suka rabu, 'yarsu ta tashi a tsakani, daga baya mijin ya dawo yana kuka, ya durƙusa, ya ajiye mata makullin mota, ta koma. Da aka gama sai sharhi ya ɓarke. Wata ta rubuta cewa ta jiƙa matashinta da hawaye, Allah ya ba ta miji mai iya durƙuso. Wata ta ce matar ba ta da zuciya, ita ko da jirgi aka zo ba ta komawa inda aka kore ta. Wata kuma ta ce ita dai a faɗa mata inda ake samun irin waɗannan maza, don na unguwarsu ko ruwan alwala ba sa ɗauko wa kansu. Na yi dariya, amma na ce a raina yaran nan ba su taɓa ganin komen aure da idonsu ba. Ni na gani.

Sai na yi muku bayani, don 'yan yanzu ba za su gane girman abin da ya faru ba. A wancan zamani ba a kulle mata a ƙauyenmu. Akwai gandu, gonar gida da kowa ke yi wa aiki, sannan kowace mace tana da gayaunarta, ɗan fili nata na kanta, abin da ta noma a ciki ko miji bai isa ya taɓa ba sai da izininta. Shi kuma rumbu na maigida ne. Shi kaɗai ke hawa ya ɗebo damin da za a sussuka, mace ba ta leƙawa, ko da kuwa ta shekara arba'in a gidan. Kakata, uwar Baba, takan ce, "Rumbu cikin maigida ne, ba a buɗa shi a gaban mutane." Daminar da ta wuce ba a samu ruwa ba, hatsinmu ya ƙare tun da bazara, Baba ya ɓoye. Kullum sai ya hau rumbu kamar mai ɗebowa, ashe dawar da ya sayo a ɓoye yake saukowa da ita. Da abin sayarwa ya ƙare, ya sa hannu a tulun Inna. Shi ya keta haddinta, ita ta tona asirinsa a gaban maza. Kowa ya taka inda ba a takawa, a safiya ɗaya.

Inna ta goya jaririyarmu ta tafi gidan iyayenta a Kwatarkwashi, aka bar ni da Iro a hannun Kaka, wadda idonta ya fara rauni. Daga ranar na zama uwar gida. Ni ce ɗebo ruwa a rijiyar bakin fadama, ni ce surfe da taɓarya da ta fi ni tsawo, ni ce hura wuta da ɗanyen kara har idona ya yi ja. Tuwona na farko gudaji ne zalla, Baba ya cinye shi tas. Da can Inna ke soya ƙuli-ƙuli, ni in kai talla filin firamare lokacin tara, in tsaya jikin taga ina jin su Iro suna rera baƙaƙen boko, in sun fito mu yi 'yar gala-gala da 'yan matan aji kafin a kaɗa ƙararrawa. Wannan duk ya tsaya. In na ji ƙawayena suna gaɗa a dandali da yamma, ni ina wankin tukunya da toka, sai in ji kamar in jefa ta a rijiya.

Kwana kaɗan da tafiyar Inna, Baba ya yi abin da ya sa aka yi ta gulmarsa. Magidanci mai gandu, ya ɗauki fartanya ya tafi ƙwadago gonar wani, ya ce kada a biya shi da komai sai irin gyaɗa. Da ya samu, ya kira ni da la'asar muka nufi gayaunar Inna. Yana gaba yana sara da sungumi, ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige. Tun daga nan, in ya tashi daga gandu, maimakon ya zauna a gindin durumi da sauran maza, sai ya wuce gayauna. Ya yi mata noman farko, ya yi maimai, ya yi huɗa. Har shingen ƙaya ya ja mata saboda awaki, abin da bai taɓa yi ba tana nan.

Kaka kullum sai ta yi masa magana. Saki ɗaya ne, in ya je kafin idda ta cika, kalma ɗaya ta isa ya mayar da matarsa. Shi kuwa amsarsa ba ta canzawa: "Da wace huska zan je hannu rabbana?" Gyaɗa kuma ba ta san idda ba, lokacinta take bi. Idda ta cika gyaɗa tana ƙasa. Ba a jima ba wata mai sayar da daddawa ta kawo mana labari cewa wani tela daga Bungudu, mai keke da rediyo, ya fara sallama a gidan kakanmu na Kwatarkwashi. Ranar na ajiye wa Baba kwanon tuwo da ƙarfi har miya ta fantsama. Na ce, "Baba, gyaɗar ce za ta yi mana tuwo in tela ya ɗauke Inna?" Kaka ta ce, "Ke Rabi, bakinki irin na uwarki ne, shi zai ja miki." Baba ya dube ni, sannan ya sa hannu a tuwo.

Da kaka ta yi muka cire gyaɗar, muka kife ta ta bushe, muka tsinke. Baba ya kafa doka: ko ƙwaya ɗaya ba mai kaiwa baki. Iro ya yi ta birgima yana kuka, a banza. Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne roro. Tonon ragowar gyaɗar da ta maƙale a ƙasa aikin yara ne da tsofaffin mata, kuma abin da ka samu naka ne. Sai ga Baba da gemunsa, durƙushe a gayauna yana tona ƙasa da ɗan itace, yana tara 'yan ƙanana a hularsa. Mata masu wucewa suna ce masa, "Malam Garba, a bar wa jikoki mana!" Ko ɗagowa bai yi ba. Ya haɗa da na roron ya ɗinke buhunan.

Bayan sallar asuba ya ɗora wa jaki, ya ɗora ni a sama, muka kama hanya. Rana ta take tsaka muka isa ƙarƙashin duwatsun Kwatarkwashi. Ya sauke kaya a ƙofar zaure, ya gaida kakana, ya ce, "Ba biko na zo ba, na san lokaci ya wuce. Amfanin gayaunarta ne na kawo mata." Aka kira Inna. Ta rungume ni, ta shafa kaina ta ce wa ya bar kitson nan haka, amma shi ko kallonsa ba ta yi ba. Ta kwance bakin buhu, ta ɗebo, ta ɓare ɗaya ta duba. "Wagga ba irina ba ce," in ji ta, "tawa ja ce." Baba ya ce, "Na sani. Taki tana cikin ɗiyanki." Ta sake zura hannu, sai ta ci karo da 'yan ƙananan nan masu ƙasa a jiki, ta ce wa ya zuba roro a ciki? Na ce, "Baba ne ya yi, da hularsa." Ta ja gefen mayafi ta rufe bakinta. Har yau ban sani ba ko dariya ta ɓoye ko wani abu.

Ba ta biyo mu ranar ba, kuma kada wani ya ce muku ta yi sauƙi. Ta bar shi ya yi ta zarya a kan hanyar nan har aka gama girbin dawa. Ta sa aka sallami tela da mutunci, amma ta ce sai an ɗaura sabon aure da sabon sadaki, tun da shi ya tsaya jiran gyaɗa. Aka ɗaura. Washegarin dawowarta da hantsi, muna tsakar gida, Baba ya ɗauko turmin nan da kansa ya kifa a gindin rumbu, wanda yanzu ya cika da sabon hatsi. Ya ce, "Hau ki gani." Inna tana tankaɗe, ba ta ko ajiye rariya ba. Ta ce, "Allah ya tsare ni. Ni ba ni leƙa rumbun maza." Kaka ta yi dariya har da tari. Ban taɓa jin ɗayansu ya ce wa ɗaya yi haƙuri ba, kuma ba su daina faɗa ba, don Inna ba ta sauke murya ba har ta koma ga Allah. Amma ba ta sake taka turmin nan ba, shi kuma bai sake taɓa tulunta ba. In hatsi ya ja baya, sai ya tsaya kusa da madafa ya ce, kamar da kaji yake, "Rumbu ya fara amsa kuwwa." Ita kuma sai ta rage hannu a awo, ta ƙara ganye a miya, ba wanda ya ji a waje.

Da na tashi tura nawa sharhin a zauren masu karatun, Nafisa ta ce in yi magana kawai waya ta ɗauka, na ce a'a, da yatsana zan rubuta, ba don ado na je makaranta ba. Na daɗe ina dannawa. Na ce marubuciyar ta iya, musamman inda yarinyar take wanke rigar ubanta tana shanyawa a igiyar uwarta. Wadda ta rubuta wannan ta san abin da ɗa ke ji. Amma mijin ya samu abin da arha, don durƙuso ba ya cin gwiwa in na rabin sa'a ne. Wadda ta ce ko da jirgi ba ta komawa, na ce mata 'yata, akwai gidan da ba a komawa, na yarda, amma kafin ki rantse ki duba ko an mayar miki da abin da aka ɗauka. Wata ta amsa da cewa Hajiya, mazan yanzu ba su da gayaunar da za su nome. Na ce kowa ya san tulun da ya fasa.

Yanzu buhu muke saye a kasuwa mu jingine a lungun ɗaki, kowa na ganin inda ya kai, ba abin leƙawa balle na ɓoyewa. Ƙauyenmu ma rabonmu da shi an daɗe, tun da hanya ta lalace da tsoro; an ce rumbun ya zube, gayaunar Inna sabara ta cinye ta. Ban ce zamaninsu ya fi namu ba, don taurin kan Baba ya kusa sa mu tashi ba uwa, kuma da ya buɗe baki tun farko da ban ƙone hannuna a murhu damina guda ba. Sai dai duk sanda aka yi ruwan farko a Gusau, ƙamshin ƙasa ya shigo ta taga, nakan ga bayansa yana tafe yana sara, ni ina biye ina rufewa da diddige. Bai iya cewa a yafe masa ba, sai ya shuka.